Masu Igiya da Turke

A bakin dillalai, duk fulotin duniya hamsin ne da ɗari. Haka ake tallarsa, haka ake sa shi a takardar ciniki, haka mai saye zai koma gida yana lissafin ɗakunan da zai fitar. Sai ranar da aka je da igiya ake gane cewa ƙasa ba da ita aka yi wannan shawara ba. Titi ya ratso a karkace, zaizaya ta ci gefe guda, ita kuwa gonar da aka yayyanka, iyakarta tun kaka da kakanni gamba ce da wata tsohuwar aduwa. Shi ya sa kusan duk inda aka yi yanka, fulotin ƙarshe kan fito da baki biyu da ba su zo ɗaya ba: gaba a buɗe, baya a tsuke, kamar ruwan gatari. A makaranta ana ce wa wannan siffa tirafiziyam: gefe huɗu, biyu daga ciki suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su taɓa haɗuwa, sauran biyun kowa da inda ya sa gaba.

Irin wannan fili shi ke raba gwani da ɗan koyo. Ko safiyo ne mai takardar shaida da na'ura mai ƙafa uku, ko dattijon da dagaci kan aika da tef da guduma da buhun turaku, tambaya ɗaya ce a gabansu: nawa ne a ciki? Dokar lissafin ba ta fi numfashi guda ba. A haɗa gaba da baya, a raba biyu, a ninka da zurfin filin. Yaron ƙaramar sakandare zai rera maka ita ba gargada. To me ya sa har yau ake kai ruwa rana a kan irin waɗannan filaye, wani lokaci har gaban alƙali? Saboda lambobi uku dokar take nema, biyu ne kawai suke kwance a ƙasa. Gaba yana da turakunsa, baya yana da nasa. Zurfi kuwa, wato tazarar da ke tsakanin gaba da baya idan aka miƙe sak, ba shi da turke, ba wanda ya taɓa shuka masa gamba. Sai an nemo shi.

Ɗauki wani fili a bayan gari. Bakin titi ƙafa 120, baya ƙafa 80. Gefen kudu 75, gefen arewa, wanda ya kwanta, 85. Kafin yaron mai awo ya rufe baki da lamba ta ƙarshe, dillali ya riga ya ciro waya yana dannawa.

"Malam, ɗari sau tamanin da biyar ke nan. Dubu takwas da ɗari biyar."

"Alhaji, tsawon katanga ka ɗauka. Yi haƙuri a nemo tsawon fili."

Sai mai awo ya sa yaro ya danne kan tef a turken baya na arewa. Shi kuma ya riƙe ɗaya bakin, ya tsaya kan igiyar da aka ja a bakin titi, ya fara binta a hankali zuwa kudu, tef a ɗame, idonsa a kan lambar da ta faɗo daidai igiya. A turken kusurwa 85 ce. Ya matsa, ta koma 81. Ya ƙara matsawa, 77, sai 76, sai 75. Ya ci gaba, sai ga 76 ta sake leƙowa. Ya ja da baya, ya tsaya inda lamba ta gama sauka ba ta fara hawa ba.

"Kai, kawo turke nan."

Zurfi ƙafa 75 ne. Haɗa 120 da 80, ka sami 200, rabinsa 100, sau 75, murabba'in ƙafa 7,500, wato fuloti ɗaya da rabi cif. Dubu ɗayan da dillali ya ɗora a kai, kashi ɗaya cikin biyar na cikakken fuloti, ƙasa ce da Allah bai halitta ba, amma da an biya kuɗinta lakadan. Kuma ba lallai cuta ya nufa ba. Hannu ne ke saurin kai wa ga abin da ido ya gani, kuma gefen katanga shi ido ke gani.

Abin da ke burge ni a wannan lilo da tef shi ne arharsa. Ba na'ura, ba takarda, sai sani guda: hanya mafi kusa daga turke zuwa layi ita ce wadda ta faɗo masa a tsaye. Magina suna da tasu dabarar, ta uku da huɗu da biyar: a auna ƙafa 30 a kan layi, 40 a ɗaya ɓangaren, in tsakanin bakunan biyu ya ba da 50, kusurwa ta tsaya daidai. Gwani kuma ba ya yarda da awo ɗaya. Zai nemi zurfi a wannan gefe, ya je ya neme shi a wancan. A filin nan duka biyun sun ba da 75, alamar gaba da baya lallai tafiyarsu ɗaya. Da ɗaya ya ba da 75, ɗayan 82, to zance ya canja. Fili ba tirafiziyam ba ne, dokar nan ba ta hau kansa ba, sai a tsaga shi daga kusurwa zuwa kusurwa a auna kowane ɓari da kansa. In kuma wurin gangare ne, za ka ga ya ce wa yaro ya ɗaga hannu, tef ya tsaya a kwance, kada ya bi tudu. Gida a kan shimfiɗa ake gina shi, gangare ba ya ƙara wa kowa ɗaki.

Dalilin da ya sa ake raba biyu ba ɓoyayye ba ne. Ja igiya daga kusurwar gaba zuwa kishiyarta ta baya, fili ya zama ɓari biyu masu kusurwa uku-uku. Babban yana zaune a kan 120, tsayinsa 75. Rabin 120 sau 75 shi ne 4,500. Ƙaramin yana zaune a kan 80, tsayinsa shi ma 75. Rabin 80 sau 75 shi ne 3,000. Haɗa su, ga 7,500 ta dawo. Dattawan awo da yawa ta nan suke bi su tabbatar, domin lissafin da ya biyo hanya biyu ya sauka wuri ɗaya shi ake sa wa hannu.

Sana'ar ta tsufa ƙwarai. A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wata doguwar takardar Masar da wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafa wajen shekara ta 1550 kafin Miladiyya, wadda Alexander Henry Rhind ya saya a Luksor a 1858. Tambaya ta 52 a cikinta gona ce irin tamu: baki ɗaya 6, ɗayan 4, tsawo 20. Ya haɗa, ya raba, ya sami 5, ya ninka, ya rubuta 100. Mutanen da kogin Nilu ke shafe wa iyakokin gona duk shekara a wancan zamani dole su iya wannan. Sai dai a Masar ɗin akwai wata gajeriyar hanya da ta shahara, har aka sassaƙa ta a bangon haikalin Edfu cikin jerin gonakin da aka ba haikalin: a ɗauki tsaka-tsakin gaba da baya, a ninka da tsaka-tsakin gefuna biyu. A filinmu zai zama 100 sau 80, wato 8,000. An yi kusa, amma an zarce da 500. Kuma wannan hanya ba ta taɓa yin kuskure ta ƙasa. In fili ba mai kusurwa huɗu a tsaye ba ne, kullum ƙari take yi. Duk inda ake yanka haraji da girman gona, ka san wanda wannan ƙari yake wa daɗi. Mu ma mun san zancen: a ƙasar Kano, farkon zamanin Turawa, an yi malaman taki, masu bin gona-gona suna auna ta da taku don a yanka wa mai ita haraji gwargwadon girmanta. A irin wannan aiki, taku goma na kuskure damin gero ne daga rumbun wani.

Kewaye shi ne ɗan sauƙin cikinsu, amma shi ma yana da tarkonsa. Haɗa gefuna huɗu kawai ake yi, kuma a nan ne gefen nan mai kwanciya yake da haƙƙi: 120 da 80 da 75 da 85, ƙafa 360. Wannan lambar magini ce. Bulo ɗaya tsawonsa ƙafa ɗaya da rabi, don haka layi guda na katanga zai ci kimanin bulo 240, a cire gurbin ƙofa. Tarkon shi ne a ɗauka kewaye yana faɗin girman ciki. Fili mai 90 da 90 kewayensa 360, cikinsa 8,100. Siriri mai 150 da 30 shi ma kewayensa 360, cikinsa 4,500 kacal. Katanga ɗaya, bulo ɗaya, amma ɗaya ya kusa ninka ɗaya. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan kam ido da ƙafa duka suna shan ruɗi, domin wanda ya zagaya fili ya gaji sai ya ɗauka ya zagaya abu mai yawa. Tun ƙarni na biyu kafin Miladiyya marubucin tarihin Girka Folibiyas yake wannan ƙorafi, cewa mutane na auna gari da kewayensa, ya kuma kawo misalin Megalofolis, wadda kewayenta ya ɗara na Sparta kaɗan alhali Sparta ta ninka ta girma.

Amma inda ake ganin gwani da gaske shi ne ranar rabon gado. Ciniki in ya ɓaci ana iya fasawa. Gado kuwa tsakanin 'yan uwa ne da za su ci gaba da haɗuwa a suna da biki da zaman makoki, kuma layin da aka ja ranar nan jikoki za su tarar da shi. Malamin fara'ili ya gama nasa, ya ce wane kashi kaza, wance kashi kaza. Saura mai mayar da kashi ya zama ƙasa.

A ce filin nan 'yan uwa biyu maza za su raba daidai, ɗaya ya ɗauki gaba, ɗaya baya. Abin da kowa zai fara cewa shi ne a tsaga zurfin biyu, kowa ƙafa 37 da rabi. Da jin zancen ka ce adalci ya ƙare. Amma a tsakiyar zurfin faɗin fili 100 ne. Na gaba zai sami tsaka-tsakin 120 da 100, wato 110, sau 37 da rabi: 4,125. Na baya zai sami 90 sau 37 da rabi: 3,375. Tazarar 750 ke nan, ga shi kuma wanda aka ƙwara shi ne aka jefa bayan gida, babu titi. Layin gaskiya ya fi kusa da gaba. Don a same shi, sai a ninka 120 da kanta, a ninka 80 da kanta, a haɗa, a raba biyu, a sami 10,400, sannan a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da haka: kusan 102. Inda faɗin fili ya zama ƙafa 102, nan iyaka take, kimanin ƙafa 33 da inci 9 daga titi. Na baya ya tafi da sama da ƙafa 41 na zurfi, kuma ba a ba shi kyautar ko taki ɗaya ba.

Mai awon da ya daɗe a rana yakan guje wa wannan wahala in da hali. Sai ya ce: me zai hana kowa ya sami titi? Ya tsaga gaba biyu, 60 da 60, ya tsaga baya biyu, 40 da 40, ya haɗa tsakiya da tsakiya da igiya. Kowane ɓari ya zama ƙaramin tirafiziyam, 50 sau 75, wato 3,750. Ko igiyar ta karkace ba komai, tunda zurfinsu ɗaya. Kyawun wannan hanya shi ne tana karɓar kowane irin kaso. A ce magadan maza biyu ne da mace ɗaya, babu wani. Kashi biyar ke nan, kowane namiji biyu, mace ɗaya. A raba gaba biyar, kowane kashi ƙafa 24. A raba baya biyar, kowane kashi 16. Namiji ya sami 48 a gaba, 32 a baya, cikinsa 3,000. Mace ta sami 24 da 16, cikinsa 1,500. Haɗa duka, 7,500, ko inci bai faɗi ba.

A nan ne kuma lissafi ke tsayawa, hankali ya karɓa. Fili mai ƙafa 16 a baya, me za a gina a kai?

"Yaya, ni wannan zirin me zan yi da shi? Ko ɗaki da falo ba zai ɗauka ba."

Gwani ba zai ce mata ai lissafi ya fita ba. Zai zana wa iyali wata hanya a ƙasa da tsinke: a yanka mata nata a dunƙule a kusurwa ɗaya ta bakin titi, ko kuma a yi wa fili kuɗi wani ya saye kason wani. Yanke hukunci ba nasa ba ne, na magada ne da malamai. Nasa shi ne duk siffar da suka zaɓa ya fitar musu da 1,500 ɗin nan ba ragi ba ƙari. Ba banza ba Alkhawarizmi, da ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, ya sa babin awon ƙasa a ciki, ya kuma cika babban ɓangaren littafin da matsalolin wasiyya da gado. Ya san inda mutane ke buƙatar lissafi.

Wannan matsala ta tsaga tirafiziyam gida biyu daidai ta daɗe tana cin ran masu lissafi. Magatakardan Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, sun san dokarta tun kusan shekara dubu huɗu da suka wuce, har suna da lambobin da suke so saboda suna fita ba saura: baki 17, baki 7, layin raba 13. Gwada ka gani: 289 da 49 sun ba da 338, rabinsa 169, wato 13 sau 13. Daga baya suka ɗauke dabarar daga gona suka kai ta sama. A 2016 Mathieu Ossendrijver na Jami'ar Humboldt da ke Balin ya wallafa bincike a mujallar Science kan wasu allunan laka da aka rubuta tsakanin 350 da 50 kafin Miladiyya. Masu duban taurari na Babila sun lura cewa tauraron Mushtari, daga ranar da ya fara bayyana, saurinsa raguwa yake yi kullum. Sai suka ɗauki saurin ranar farko a matsayin baki mai faɗi, saurin rana ta 60 baki tsukakke, kwanakin 60 kuma zurfi. Girman cikin wannan "fili" shi ne nisan da tauraron ya ci. Har suka tsaga shi biyu, irin rabon 'yan uwan nan, don su san ranar da ya ci rabin tafiyar, suka kuwa sami cewa ba rana ta 30 ba ce, wajen ta 28 ce. Dalili ɗaya ne da wanda ya sa iyakar gado ta matso kusa da titi.

Da zarar ido ya saba, za ka riƙa ganin siffar ko'ina. Kafinta mai rufin gida na zamani da ita yake ƙirga kwano, tela da ita yake yanka fallen siket mai buɗewa, injiniyan noman rani kuma da ita yake sanin yawan ruwan da magudana za ta ɗauka, tunda ƙasanta a tsuke yake, bakinta a buɗe. Amma babban amfaninta shi ne a filin da ba shi da siffa ko kaɗan. Gonar fadama ce, gefe ɗaya rafi ne mai lanƙwasa yadda ya ga dama. Mai awo zai ja miƙaƙƙiyar igiya a tudu, ya kafa turke duk bayan mita 20, daga kowane turke ya auna sak zuwa bakin ruwa. A ce ya sami 12, 18, 22, 16 da 10. Tsakanin kowane turke biyu ƙaramin tirafiziyam ne. Maimakon ya yi lissafi huɗu, sai ya ɗauki rabin na farko da na ƙarshe, 11, ya haɗa da na tsakiya uku, 56, ya sami 67, sau 20: murabba'in mita 1,340. In rafin ya cika karkace-karkace, sai ya matso da turakun, mita goma-goma. Sanin inda za a matso da inda za a sassauta, wannan ba ya cikin littafi.

Yanzu samari kan zagaya gona da waya a hannu, manhaja ta fitar da hekta nan take. Abin da manhajar ke yi a ciki bai wuce wannan ba: tana yayyanka gonar zuwa tirafiziyam-tirafiziyam, ta tara wasu, ta ɗebe wasu. A gona mai hekta goma aikinta ya wadatar. Amma wayar hannu kan yi kuskuren 'yan mitoci a kowace kusurwa, fulotin da muke magana kuwa zurfinsa duka bai kai mita 23 ba. A irin wannan wuri har yanzu tef ne sarki.

Shi ya sa in ka karɓi takarda daga hannun gwani, duba ka gani: lambobi huɗu ba sa isar sa. Gefuna huɗu kaɗai ba sa ɗaure fili, ana iya tura kusurwa ɗaya ciki, wata ta fito waje, gefunan suna nan yadda suke amma ciki ya ragu. Zai rubuta 120, 80, 75 da 85, ya rubuta zurfi, sannan ya ƙara awon da ya ratsa daga turken arewa na bakin titi zuwa turken kudu na baya, ƙafa 141 da rabi. Da wannan, ko damina ta tafi da turke biyu, ko maƙwabci ya yi dabara da dare, duk mai tef zai iya mayar da kowane turke raminsa.